Kamfanin da Malam Ya Sassaƙa a Jikin Roba

Shekara tara ke nan cif, a irin wannan lokaci da gero yake fitar da kai, tun da aka ɗauki maigidana daga ɗakinsa aka kai shi makwancinsa a Gwaram. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan. Ban ɗauki alƙalami don in sa kowa kuka ba. Nawa kukan na yi shi a lokacinsa, kuma mutumin da nake magana a kansa bai iya zaman makoki ba; ko gaisuwar mutuwa ya je, kafin ya tashi sai ya sa wani ya yi murmushi. Don haka yau labarinsa zan ba ku, ciki har da ranar da na kusa haɗa baki da danginsa a ƙone aikin hannunsa.

Mutanen gari Malam Garba Injiniya suke ce masa, ko da yake shi da bakinsa yakan ce bai taɓa zama injiniya ba. Ni Malam nake ce masa, kuma haka zan ci gaba da kiransa a nan. Aikinsa shi ne zana taswirar injuna da gine-gine a wani kamfanin matsar man gyaɗa a Kano. Ya fi shekara ashirin a can. Ni kuwa ina Gwaram da yara, ina koyarwa a firamare, shi yana zuwa mana ƙarshen wata da warin ƙuli-ƙuli a rigarsa, warin da ko sau nawa aka wanke ba ya fita.

Sai aka rufe kamfanin. Ba a yi wani dogon bayani ba, aka sallami ma'aikata, daga baya muka ji an kwance injunan an sayar wa masu gwangwan. Malam ya dawo gida da akwatin ƙarfe guda, da rula, da kamfas, da wani shiru da ban san shi da shi ba. Wansa, Yaya Alhaji Sule, wanda yake noma gonar gado a Fagam, ya yanka masa wani gefe ya ce ya zo ya kama fartanya. Malam ya je. Kunyoyin da ya yi kuwa duk Fagam ba a taɓa ganin masu miƙewarsu ba, sai dai wuni guda yake yi a kan guda uku, don sai ya ja igiya ya auna. Yaya ya zo ya tsaya ya kalla, ya ce, "Garba, dawar nan ba ta san ka auna ba. Je ka gida ka huta."

A wannan hutun ne abin ya fara. Wata ranar kasuwa ya dawo da fallayen roba da ya karɓo wajen mai yin takalmin taya. Ya wasa wani guntun zarto ya mayar da shi wuƙa. Ya hau mota ya je Birnin Kudu wajen masu buga katin biki ya samo tawada. Sai ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gidanmu yana sassaƙa robar nan, yana fitar da layuka da lunguna. Idan ya gama, ya shafa mata tawada da wata kwalba da ya naɗe da tiyub ɗin taya, ya ɗora takarda, ya bi bayanta yana murzawa da ludayina. Ludayin nan na miya ne, kuma daga ranar bai sake ganin tukunya ba.

Da ya ɗaga takarda ta farko ya nuna mini, na duba sama, na duba ƙasa. Wani dogon baƙin sanda ne a tsaye, gefensa alwatika biyar a jere kamar haƙoran zarto, ƙasansu da'ira uku, sai wani ɗan ɗigo ruwan ɗorawa a can lungu. Ba mutum, ba dabba, ba bishiya.

Na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ya ce, "Ke me kika gani?"

Na ce, "Na ga an ɓata mini ludayi."

Ya yi dariya, karo na farko tun dawowarsa, amma bai faɗa mini ba. Kuma haka ya riƙa yi wa kowa. Wanda duk ya tambaya, sai ya mayar masa da tambayar. Maƙwabciyarmu ta ce adon faifai ne. Wani ɗalibin ilimi ya ce ya yi kama da zayyanar da ake yi wa allo ranar sauka. Mai gyaran babur ya ce cikin inji ne. Malam ya saurari kowa yana gyaɗa kai kamar duk sun faɗi daidai. Cikin 'yan watanni takardun suka cika igiyar shanyata, suka cika bangon zaure, har ƙarƙashin gado.

To, kun san gari. Mutum ya rasa aikinsa, ya kasa noma, ya zauna yana zana abin da ba wanda ya gane, hannunsa baƙi ƙirin har gwiwa. Aka fara magana. Wasu suka ce hatimi yake rubutawa don a sake buɗe kamfanin. Wasu suka ce baƙin ciki ne ya taɓa masa kai. Ni a waje ina kare shi, ina cewa sha'awa ce kawai, amma a cikin gida ina kallonsa ta wutsiyar ido. Na sha jin sa yana magana da robar, yana cewa, "A'a, kai ba nan kake ba, matsa baya." Gaskiya zan faɗa tunda shekaru sun ja: na tsorata.

Wata ranar Litinin Yaya Alhaji Sule ya zo daga Fagam, ya daidaici lokacin da Malam ya fita. Ya zauna a zaure yana kallon bangon kamar mai kallon gobara. Yaya mutum ne mai son ƙaninsa, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, kuma abin da ya zo da shi don ƙauna ya zo da shi.

Ya ce, "Malama, ke mai ilimi ce, ba sai na ɓoye miki ba. Garba ba lafiya. Na yi magana da wani malami a wajenmu, ya ce a kawo shi ya zauna wata biyu ana yi masa addu'a. Ranar Juma'a bayan an sauko zan zo da mota. Waɗannan takardun kuma ki tattara mini su, da robobin duka. Ƙone su za a yi, don muddin yana ganinsu ba zai dawo daidai ba."

Na ce, "Yaya, in an ƙone su anya ba za a ƙara masa ciwon ba?"

Ya ce, "To ke kin san abin da ke ciki?"

Ni kuwa ban sani ba.

Kwana biyu ina jujjuya maganar. Idan Malam ba shi da lafiya, to ɓoye takardu ba gata ba ne. Idan kuma lafiyarsa ƙalau, aka sa shi a mota gaban maƙwabta aka ƙone abin da ya dawo masa da dariya, na san ba zai sake ɗaga kai a garin nan ba, kuma ba zai sake kallona kamar da ba. Sai aikin koyarwa ya ba ni dabara. Yaro in ya yi rubutun da na kasa karantawa, ba na saurin cewa shirme ne, nakan ba wani malami ya gwada. Na ce a raina, in har akwai mutum ɗaya a duniya da zai iya karanta wannan abu ba tare da an gaya masa ba, to rubutu ne, ba hauka ba.

Na tuna Malam yana yawan ambatar wani Baba Ado, wanda ya yi shekaru yana kula da tukunyar tururi ta kamfanin, kuma ya koma garinsu Birnin Kudu bayan an rufe. Ranar Laraba da safe na ce wa Malam zan je dubiya. Na zare takardar nan ta farko daga bango, na naɗe ta cikin mayafi, na shiga bas. Duk hanya ina riƙe da ita kamar wadda ta sato kaza.

Na sha tambaya kafin na sami gidan. Baba Ado tsoho ne siriri, kunnensa ya yi nauyi saboda ƙarar injuna, don haka magana yake yi da ƙarfi kamar yana kiran wani a hayin rafi. Muka gaisa, na gaya masa ko ni wace ce, ya tambayi lafiyar abokinsa. Ban ce masa komai ba game da abin da ya kawo ni. Na warware takardar na shimfiɗa masa a tabarma, na ce, "Baba, ko ka san wannan?"

Ya sa tabarau. Ya juya takardar, don ashe a kife na ajiye ta. Ya matsar da ita nesa da fuskarsa. Sai na ga bakinsa ya buɗe.

"Kai! Kai, kai, kai! Wa ya ɗauko mana kamfani ya kawo nan?"

Ya ɗora yatsa a kan dogon baƙin sandan ya ce wannan bututun hayaƙi ne, kuma a gindinsa ya ci rabin rayuwarsa. Haƙoran zarton nan rufin ɗakin matsa ne, haka aka gina shi don haske ya shiga ta gefe ɗaya. Da'irori ukun tankunan mai ne, amma yadda ake ganinsu in mutum ya hau sama ya leƙo. Ya ce, "Kin ga wayon Garba? Bututun ya zana shi yadda kake ganinsa daga bakin ƙofa, tankunan kuma yadda kake ganinsu daga kan rufi. Ya haɗa safiya da azahar a takarda ɗaya. Da safe ta ƙofa muke shiga, da rana kuma can sama muke hawa shan iska."

Na nuna masa ɗan ɗigon nan ruwan ɗorawa na ce, "Wannan fa?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Lemar mai ƙosai ce! Nan take zama, bayan katanga. Wallahi nan take zama!"

Na ce, "To Baba, ina mutanen? Kamfani guda ba mutum ko ɗaya?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce, "Suna ciki mana, suna aiki. Ba ki ga hayaƙin ba ne?" Sai a lokacin na lura da wani siririn farin layi da ya karkata daga kan bututun, wanda ni da na ɗauka wuƙa ce ta zame wa Malam. Baba Ado ya daɗe yana kallon layin nan. Ya cire tabarau ya goge idonsa da hannun riga, ya ce ranar da aka kashe wutar tukunya ta ƙarshe shi ne ya kashe ta, kuma tun daga ranar bai sake ganin wurin yana numfashi ba sai yau.

Nan na gaya masa komai, har maganar mota da wuta. Ya miƙe tsaye da sandarsa, ya ce, "Juma'a ko? A Gwaram zan yi sallah."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yaya ya iso da motar haya da wasu dattawa biyu. Malam, wanda har lokacin bai san abin da ake ciki ba, ya shimfiɗa musu tabarma yana murnar baƙi. Ana cikin gaisawa sai ga sallamar Baba Ado, wadda na tabbata har unguwa ta gaba an ji ta. Abokan nan biyu suka rungume juna. Ni ina bayan ƙofar zaure ta cikin gida, na kasa kunne.

Baba Ado bai jira an ba shi ruwa ba. Ya bi bangon nan takarda bayan takarda yana karantawa da ƙarfi kamar mai karanta wasiƙa. Wannan ma'aunin motoci ne. Wannan sito ne, ga buhuna an jera. Wannan bel ɗin da ke ɗaukar gyaɗa ne zuwa sama. Wannan jan murabba'in ƙararrawar tashi ce, shi ya sa aka yi ta ja, don ita kowa yake jira. Dattawan da Yaya ya zo da su suka tashi suna bin sa a baya, suna leƙe ta kafaɗarsa. Yana cikin haka sai ya tsaya cak a gaban wata takarda.

"Garba, nan ka yi kuskure. Tagogin ɗakin tace mai bakwai ne, kai ka sa shida."

Malam ya ce, "Shida ne."

"Bakwai ne! Ni da nake wucewa ta gabansu kullum?"

"Ta bakwan an toshe ta da bulo shekarar da aka kawo sabon inji. Ni na zana toshewar da hannuna."

"An toshe ta, amma ai tana nan!"

Suka kaure da musu, wannan yana buga sanda, wannan yana zana layi a ƙasa da yatsa. Yaya Alhaji Sule ya yi ta kallonsu. Can sai na ji ya ce wa dattawan a hankali, "Jama'a, in dai hauka ne, to su biyu ne, kuma motar nan ba za ta ɗauke mu duka ba." Zauren ya fashe da dariya. Aka sallami direba. Na fito da fura.

Bayan baƙi sun watse, Malam ya same ni ina wanke kwanuka. Ya riga ya gane komai. Ya tsaya yana wasa da wuƙarsa ta zarto, ya ce, "Ke ma kin ɗauka na taɓu, ko?"

Na ce, "Na ɗauka. Amma kai ma da laifinka. Me zai hana ka buɗe baki ka ce kamfani ne?"

Ya ajiye wuƙar. Sai ya ce da farko kunya yake ji, kada a ce ga dattijo yana kukan ginin da ba na ubansa ba. Daga baya kuma sai ya ga abin da mutane suke gani a ciki ya fi abin da shi ya sa yawa, kuma in ya faɗa, kowa zai daina dubawa. Na ce to ai saura kaɗan su daina dubawa gaba ɗaya, tunda toka ba a karanta ta. Ya ce wannan kuma gaskiya ce, kuma daga yau duk wanda ya duba har sau biyu zai gaya masa.

Daga nan ya fara koya mini karatun, ni da na shekara talatin ina koya wa yara alwatika da murabba'i a allo ban taɓa tunanin suna iya ɗaukar kewa ba. Yakan ce kada in fara da tambayar mene ne wannan, in fara da neman inda mai zanen yake tsaye. In nemi abin da ya fi nauyi a takardar, in ga me yake dannewa. Kuma in kula da inda aka bari fari, don a aikin roba farin shi ne wurin da wuƙa ta ci, wato nan ne aka fi shan wahala. Wata rana ya kai ni kallon zanen nan na jikin duwatsun Birnin Kudu, na shanun mutanen da. Ya ce, "Dubi, su ma ba su zana gashin saniya ba. Sun ɗauki abin da ya sa ta zama saniya, sun bar sauran." Shi ma abin da yake yi wa gini ke nan: ya zubar da tsatsa da ƙura da fentin da ya ɓare, ya bar ƙashin.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a zamanmu. Ya gama da kamfani ya shiga gari. Ya buga tankin ruwan Gwaram, ya buga injin casar shinkafa, ya buga gada. Yaya Alhaji Sule, wanda ya zo da niyyar ƙonawa, shi ya fi kowa naci. Ya ce ba zai yarda a zana ginin Kano a bar rumbunansa na Fagam ba. Malam ya yi masa su: da'ira huɗu, kowace da hularta mai tsini. Yaya ya rataye a zaurensa, kuma duk baƙon da ya shiga sai ya tsare shi da tambaya, in ya kasa ya ce, "Kai dai ba ka da ido." Baba Ado kuma ya mayar da gidanmu wajen zuwansa duk bayan 'yan makonni, kuma har Allah ya karɓi ransa bai yarda tagogin nan shida ba ne.

Rasuwar Malam ba ta zo da dogon ciwo ba. Kwana huɗu ya yi yana zazzaɓi, rana ta biyar da hantsi ya cika, da sauran tawada a ƙarƙashin farcensa wadda masu wanka suka yi iya yinsu ba ta fita ba.

Yanzu idan na hau hanyar Birnin Kudu nakan yi ta tunanin abin da zai ce. Injunan shinkafa sun ƙaru, da dogayen rumbunansu na ƙarfe masu ƙyalli. Dogayen ƙarafunan waya sun tsaya a kan kowane tudu. Faifan sola kuwa har kan rufin masu shayi. Na san waɗannan da sun sa shi rawar kai, don shuɗin murabba'i ne an jera shi an karkatar, kamar dai an yi su ne don wuƙarsa. Da tuni ya tsayar da direba ya sauka da fensir, ya bar ni ina ba fasinjoji haƙuri. Abin da nake jin zai ɓata masa rai shi ne saurin da muke yi. Jikata ta nuna mini a wayarta yadda ake gaya wa na'ura ta zana hoto, kafin ka ƙifta ido ta zana. Ta kuma nuna mini aikin wasu mutanen ƙasashen waje da suke buga irin na kakanta, masana'antu da tashoshin jirgi cikin layuka da da'ira, ana rataye su a manyan ɗakuna ana shiga kallo. Ta ce, "Hajiya, ashe Baba ba shi kaɗai ba ne." Na ce ai da ya sani da ya ji daɗi, amma da sai ya ce a riƙe masa wayar tsaye, kada a goge hoton da yatsa a wuce kafin ya gama dubawa. Mutum ne da yake iya shafe rabin awa a gaban takarda ɗaya. Ban san yadda zai yi da zamanin da ake kallon hoto ɗari kafin shayi ya huce ba. Wataƙila ya yi faɗa kwana biyu, rana ta uku ya ce a koya masa.

Takardun suna nan, amma ba zan yi ƙarya in ce za su dawwama ba. Takarda ce mai araha, wasu sun yi ja, gara ta taɓa wasu. Robobin sun fara tsagewa. 'Ya'yanmu kowa ya ɗauki wanda yake so, kuma ba wanda ya gaji wuƙar. Wurin da kamfanin yake ma an ce mini an rushe shi an yanka filaye. Idan aka ce abin da mutum ya bari shi ne abin da za a iya ajiyewa a akwati, to na Malam kaɗan ne, kuma yana raguwa. Amma na ga wani abu da ya sa na daina damuwa da gara.

Bayan rasuwarsa da kamar shekara biyu, wata tsohuwar ɗalibata da take aure a Sara, mai ɗinkin hula, ta zo gaishe ni. Ta ga wata takarda da ba kowa ya cika kula ta ba: wani layi ne mai lanƙwasa yana zagaye wani dogon murabba'i, hawa-hawa har sama. Ta roƙe ni ta kwafa a takardar zanen hula. Na bar ta. Wannan kuwa matakalar ƙarfe ce da ke zagaye babban tankin kamfanin, kuma Malam ya taɓa gaya mini duk kamfanin ba abin da yake tsoro kamar ta. Duk lokacin da aka tura shi awo a sama, sai ya hau yana salati, idonsa a rufe rabi, leburori suna yi masa dariya daga ƙasa. Na manta da maganar hular gaba ɗaya.

Watan jiya ina dawowa daga Birnin Kudu a bas, sai wani magidanci ya shigo a hanya ya zauna a kujerar gabana. Na ɗaga ido, sai ga matakalar Malam tana zagaye kan mutum, an ɗinka ta da zare shuɗi da fari, tsaf, ba a rage mata taki ko ɗaya ba. Na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, don Allah wannan hula taka, me ake kiran aikin?"

Ya shafa ta da alfahari, ya ce, "Hajiya, ai ita ake yayi yanzu a wajenmu. Matakalar Arziki ake ce mata."

Dariya ta ƙwace mini har na kusa da ni suka juyo. Mutumin ya ɗan tsargu, ya ce, "Lafiya, Hajiya? Ko ba ta yi kyau ba ne?"

Na ce, "Ta yi kyau ƙwarai. Na san wanda ya fara hawanta ne. Allah ya sa ka hau lafiya."

Ya ce, "Amin, Hajiya," ya gyara mata zama a kansa.